Kilo Goma Sha Huɗu na Dalma

A tsibirin Runsay babu mai iya ɓoye nauyinsa. Kana iya ɓoye budurwa, kana iya ɓoye kwalba a bayan buhun abincin tumaki, amma ban da nauyi. Jirgin saman da ke kai mu garin Kirkwall kujera takwas gare shi, kuma kafin ka shiga sai ka hau sikeli, kai da duk abin da ke jikinka. A rubuta, matuƙi ya duba takarda, ya ce wane zauna nan, wance zauna can. Masu ƙiba a tsakiya, ƙarƙashin fiffike. Marasa nauyi a baya. In mace ta matsa gaba da layi ɗaya, kafin jirgi ya sauka tsofaffi sun fara saƙa wa jariri hula.

Mansie Drever shekara ashirin da shida yana layi na biyu, hannun hagu. Kilo ɗari da sha takwas, ba ya hawa, ba ya sauka. Ga shi kuma Allah Ya jarabce shi da son ɗaukar hoto ta tagar jirgi. Ba jirgin yake ɗauka ba, ƙasa yake ɗauka: gonaki, katangun dutse, bakin teku, garken tumaki kamar an watsa shinkafa a kan kore. Baƙar riga yake sawa kullum don kada hasken kaya ya fito a gilashi, yana da ƙyalle na musamman na goge taga, kuma yana iya gaya maka ta ina rana za ta faɗo a kowane wata. Sai dai tagar layi na biyu, daidai wurin ƙafar tayar jirgi take. Duk hoton da Mansie ya ɗauka a rayuwarsa akwai taya a ciki. Coci da taya. Makaranta da taya. An taɓa ba shi kyauta ta uku a bikin amfanin gona, alƙalin gasar ya ce bai taɓa ganin taya mai kyau haka ba.

Hoto ɗaya yake nema. In jirgi ya taso daga Kirkwall zai sauka Runsay, yakan karkata hagu a kan gaɓar kudu, kuma na ɗan lokaci, bai kai minti ɗaya ba, gidan Mansie da gonarsa da tsohon cocin bakin ruwa inda aka binne matarsa Wilma duk sukan shiga ido ɗaya. Daga tagar baya ake ganinsu tas. Abokinsa Erlend Flett, wanda bai fi tsinke kauri ba, a can yake zama, kuma ya ɗauki wannan hoton ya fi sau hamsin. Ya taɓa wanko ɗaya ya sa a firam ya kawo masa. Mansie ya ce ya gode, ya kai wa uwarsa.

A wannan kakar ce ciwo ya kama Mansie a ciki. Ya fara ramewa. Ya tara gemu, ya riƙa saka rigar sanyi biyu, kuma da yake lokacin sanyi ne babu wanda ya tanka. Matsalarsa sikeli. 'Yarsa Thora ita ce mai buɗe ƙofar jirgi a filin Runsay, ita ke sa wa taya katako, ita ke karɓar jakar wasiƙu. Ranar da ta buɗe ƙofa ta gan shi a wani layi ba na biyu ba, ranar magana ta ƙare.

Shi kuwa ba ya so ta sani. Thora ta bar makarantar jinya tana da shekara ashirin da huɗu ta dawo ta yi jinyar uwarta, shekara shida tana juya ta a gado. Uwar ta rasu, ita kuma ta maƙale a tsibiri. Yanzu tana da talatin da uku, ranar Asabar za a ɗaura mata aure da Fergus, ranar Litinin su wuce birnin Aberdeen, inda makarantar ta sake ba ta gurbi. Mansie ya san 'yarsa kamar yunwar cikinsa. In ta ji, za ta kwance akwatinta ta mayar da kaya cikin durowa, kuma ba za ta ƙara fita ba.

Shi ya sa ya je wurin Erlend da tsohon kwat ɗinsa na ruwa, suka ɗinka aljihu takwas daga ciki, suka cika su da dalmar kamun kifi. Suka fara da kilo huɗu. Zuwa watan Nuwamba ya kai sha huɗu.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu biki, suna zaune su biyu a ɗakin jira na filin jirgin Kirkwall. Mansie ya fito daga wurin likita, Erlend ya fito daga sayen takalmin biki.

"To, me ta ce?" in ji Erlend.

"Ta ce in rage gishiri."

"Mansie."

Mansie ya juya murfin kyamara a hannunsa. "Ta ce in na yarda na koma Aberdeen suka ɗora ni a kan magani, wataƙila shekara, wataƙila da rabi. In na zauna gida, in ga haihuwar tumaki a bazara in na yi sa'a."

"Ka ce mata me?"

"Na ce na gode. Ni da ban taɓa kwana huɗu a jere a wajen Runsay ba? In je in kwanta a bene ina kallon motoci, yarinya tana fitowa daga aji tana zuwa wanke mini baki? A gadona zan mutu, tagata tana kallon ruwa."

"Kai dai jaki ne."

"Na ji. Miƙo mini hannu in tashi, an kira mu."

Ya hau sikeli. Sheena mai awo ko kai ba ta ɗaga ba. "Ɗari da sha takwas. Mansie, da kai za mu riƙa gwada sikelin nan in ya lalace."

"Ku riƙa biyana."

A bayansu kuwa ga waɗansu mutum biyu sun shigo, kawunnan ango, masu kiwon shanu daga ƙetaren ruwa. Kai, ban san me ake ba mutanen can suna ci ba. Na farko ya hau, sikeli ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na biyu ya hau, Sheena ta cire tabarau ta goge ta sake sawa. Ga matansu biyu, su ma ba baya ba, ga kwalin kek ɗin biki mai hawa uku.

Matuƙiyar ta tsaya a gindin fiffike da takarda a hannu, tana lissafi da bakin alƙalami. Ta dubi kawunnan, ta dubi jirginta kamar tana ba shi haƙuri.

"Ku biyu, layi na biyu. Matanku a bayanku. Kek a gefena. Erlend, baya, dama." Ta ɗago kai. "Mansie, yau an fi ka. Baya, hagu."

Mansie ya tsaya kamar an dasa shi.

"Hagu kika ce?"

"Ko ba ka so? In ka fi son tayarka sai in roƙi bawan Allah ya rage kilo talatin kafin mu tashi."

Erlend ya zungure shi. "Shiga, kafin ta sake lissafi."

Ka ga ikon Allah. Ba shi ya nema ba, kuma babu abin da zai tonu: Thora na buɗe ƙofa ta ga waɗannan duwatsu biyu a layinsa, dariya kawai za ta yi. Ya shiga da ƙyar, dalma tana dukan haƙarƙarinsa, ya zauna, ya ɗaura bel a kan kwat. Ya ciro ƙyallensa ya goge tagar, sau ɗaya, sau biyu. Babu taya. Babu komai tsakaninsa da duniya sai gilashi.

Tafiyar minti goma sha huɗu ce. Ƙarfe biyu da rabi na rana, rana ta yi ƙasa yadda take yi a Nuwamba, kowace katanga ta ja doguwar inuwa. Iska ta kwanta. Ruwa ya janye har ana ganin yashin ƙasa, kore-kore, da layin ciyawar teku. Irin ranar da ake samu sau biyu a shekara, in an samu.

Mansie ya ɗaga kyamara don ya gwada a kan tsibirin farko. Duk mai wannan sha'awa ya san ƙa'ida: kada bakin kyamara ya taɓa gilashi, kada gwiwar hannu ta jingina da bango, don jikin jirgi rawa yake yi, kuma rawar za ta shiga hoton. Hannunka kaɗai zai riƙe, a sama, ba madogara. Abin da ya yi shekara ashirin da shida ba tare da tunani ba.

Hannun ya ƙi. Kwat ɗin ya ja kafaɗunsa ƙasa, damtsen da ya saura ba shi da yawa. Ya ɗaga, ya ƙirga uku, kyamara ta fara karkarwa. Ya danna duk da haka. Ya duba: tsibiri ya fito kamar an shafa shi da tsumma.

Ya sake. Haka.

Erlend yana kallonsa. Ƙarar inji ba ta barin magana sai an yi ihu a kunne. Ya matso. "Kawo in ɗaukar maka!"

Mansie ya harare shi.

"To jingina da ni!"

Ya jingina. Ba kafaɗa ba ce kaɗai, nauyin yana jan ƙirjinsa, numfashi ma da ƙyar. Can gaba ya hango farar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Runsay. Saura minti huɗu, ko uku.

Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya kwance bel, ya fara zare hannu daga kwat. Erlend ya zaro ido, ya girgiza kai, amma da ya ga abin ya wuce magana sai ya kama wuyan kwat ɗin ya ja. Wuri ƙunci, gwiwa na dukan kujerar gaba. Kwat ya sulale ya faɗi tsakanin ƙafafunsu, dim, har matar da ke gaba ta waiwayo. Mansie ya sake ɗaura bel, ya ja shi, ya ja shi, ya ƙara ja. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga kai.

Jirgi ya karkata hagu.

Ga gaɓar kudu. Ga rufin gidansa, ga igiyar shanya, ga tumakinsa sun taru a kusurwar da ba iska. Ga hanyar da ta gangara, ga cocin da ba rufi, ga duwatsun kaburbura kowanne da inuwarsa, na Wilma na uku daga katanga. Ruwa ya kewaye su, shiru, kamar ba shi ne ke cin gaɓar nan taku ɗaya kowace shekara ba. Ya riƙe numfashi. Ya danna sau ɗaya. Ya danna na biyu. Sai ya sauke kyamarar a cinya, ya ƙarasa kallon da idonsa har fiffike ya miƙe gidan ya wuce baya.

"Kwat!" in ji Erlend da ihu. "Mansie, kwat!"

Ina. Jirgi ya riga ya sunkuyar da kai, matuƙiya ta ɗaga hannu alamar kowa ya zauna daram. Suka sunkuya su biyu suna ja. Hannun kwat ɗin ya maƙale a ƙarfen ƙasan kujerar gaba, dalma ta taru gefe ɗaya. Taya ta taɓa ƙasa, suka yi tsalle, suka gangara, farfela ta tsaya. Runsay ba ta da dogon titin da mutum zai yi dabara a kai.

Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo, Thora na tsaye da rigarta mai ruwan ɗorawa. Ta ga kawunnan ta yi musu maraba, ta riƙe wa matan hannu suka sauka. Sannan ta leƙo baya, bakinta cike da tsokana.

"Baba! Yau wa ka ba cin hanci?"

Ba ta ƙarasa dariyar ba. Ta ga baƙar rigar sanyi tana lilo a kafaɗunsa kamar a jikin ƙusa. Ta ga wuyansa, wanda gemu bai kai ya rufe ba. Ta ga ragowar bel ɗin da ya ja, tana reto har ƙasa.

"Zafi ya ji," in ji Erlend.

Ba ta ko dube shi ba. Ta sunkuya ta zare hannun kwat ɗin daga ƙarfe, ta ɗaga da hannu ɗaya. Ya ƙi tasowa. Ta sa hannu biyu. Ta laluba cikinsa, ta ciro dalma guda, ta juya ta a tafin hannunta.

"Ku sauka," ta ce. "Jirgi zai wuce."

Ta yi aikinta har ƙarshe. Ta sauke kek, ta miƙa jakar wasiƙu, ta cire katakon taya, ta ɗaga wa matuƙiya hannu. Fergus ya kwashi danginsa a mota, ta ce masa tana zuwa. Erlend ya tsaya yana sosa kai, ta ce, "Kai kuma, da kai zan yi daga baya. Ɗinkin nan naka ne, na san shi a ragar kifi." Ya ɗauki takalmin bikinsa ya bi hanya ba ko waiwaye.

Ɗakin jiran filin Runsay bai fi kicin girma ba: benci, hitar ɗumama ɗaki, butar shayi. Mansie ya zauna. Thora ta shimfiɗa kwat ɗin a kan tebur tana fitar da dalma ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa.

"Tun yaushe?"

"Agusta."

"Haƙori ka ce mini kana zuwa gyarawa. Na ce wane irin haƙori ne wannan, na kada?" Ta ci gaba da jerawa. "Me suka ce? Kada ka yi mini wasa, Baba. Na san kalmomin."

Ya gaya mata. Duka, har da maganar Aberdeen, har da amsar da ya bayar. Ta saurara, tana gyaɗa kai yadda take yi wa likitocin uwarta.

"Shi ke nan," ta ce. "Ranar Asabar a yi biki, mutane sun riga sun zo. Ranar Litinin Fergus ya tafi, zai riƙa zuwa ƙarshen wata. Ni zan rubuta wa makaranta."

"Ba za ki rubuta ba."

"Wa zai hana ni?"

"Thora, sun ba ki gurbi sau biyu. Babu na uku."

"Wa zai juya ka? Erlend? Da wane hannun?"

"Akwai ma'aikaciyar jinya."

"Ranar Talata da Juma'a! Sauran kwana biyar fa? Ka faɗi a banɗaki tumaki su kira mini waya?" Ta buga dalmar ƙarshe a kan tebur. "Wata uku kana yawo da wannan a jikinka, kai da ko tsayuwa ba ka iya yi. Don ka kore ni."

"Don ki tafi. Ba ɗaya ba ne."

"A wurina ɗaya ne."

Ta juya masa baya ta kunna butar shayi, ta tsaya a gabanta. Ya san wannan tsayuwar. Ba ta neman a lallashe ta, ta gama yanke shawara ne, kuma ko bijimi aka ɗaura mata ba zai ja ta ba. Ya ga shekarun da ke gabanta sarai: zai mutu cikin bazara, a gadonsa, yadda yake so, ita kuma ta tsaya ta sayar da tumaki, ta tsaya ta gyara rufi, ta tsaya. Wata rana a wayi gari tana da hamsin, tana buɗe wa mutane ƙofar jirgi.

Ya dubi waje. Rana ta kusa faɗuwa, ƙarfe uku da 'yan mintuna. Daga nan ana hango hayaƙin gidajen kudu, nasa ne kaɗai babu. Ya daɗe yana kallo.

"Gidan da kuka kama a Aberdeen," ya ce, "hawa na nawa ne?"

Ba ta juyo ba. "Na uku."

"Akwai na'urar hawa?"

"Babu."

"To ki gaya wa Fergus ya nemi na ƙasa. Ba zan iya matakala ba."

Ta juyo a hankali. "Baba, kada ka faɗi abin da ba za ka yi ba."

"Sharaɗi biyu. Ba za ki fasa aji ko ɗaya don ni ba. Ranar da kika fasa, na rantse zan sa a ɗauko ni a dawo da ni. Na biyu, in abin ya zo, ki dawo da ni nan, kusa da uwarki. Kada ki bari su ƙone ni a can su ba ki tokata a gwangwani."

"Ka tsani Aberdeen."

"Ƙwarai kuwa. Gari kamar an wanke shi da toka. Ba cewa na yi zan so shi ba."

Ta zo ta zauna kusa da shi a benci. Ta kama hannunsa, ta zagaye wuyan hannun da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta yi kuka, shi kuma ya bar ta ta yi. Buta ta tafasa ta kashe kanta.

Da ta share fuska ta ce, "Tumakin fa?"

"Zan ba Erlend. Yau da yamma, kafin in sake tunani. Tashi ki kai ni, ki tsaya a mota. Ba na so ki ga yadda zai yi murna."

Ta cire rigarta mai ruwan ɗorawa ta yafa masa, ta kulle ɗakin jiran, ta riƙe shi a gwiwar hannu har bakin mota.